Bashin Da Kotu Ta Ƙi Yarda Da Shi: Labarin Gurbin Baƙar Fata A Jami'o'in Amurka

Duk shekara idan sakamakon JAMB ya fito, zance ɗaya ne yake dawowa teburin mai shayi, wai yaron kudu ya ci maki mai yawa an hana shi gurbi, na arewa ya ci kaɗan an ba shi. Mu da muke zaune a nan Ibadan mun saba da wannan gori. Wani abokin cinikina Bayarabe ya taɓa ce mini, "Alhaji, ko Amurka ta daina wannan abu, ku me kuke jira?" Gaskiyarsa, ta daina a 2023. To amma yadda aka fara da yadda aka ƙare akwai labari a ciki, kuma shi nake son in warware wa mai karatu.

An haramta bauta a Amurka a 1865, amma jihohin kudu suka kafa dokokin wariya, makarantar farare daban, ta baƙaƙe daban. Sai a 1954 Kotun Ƙoli ta ce wannan ya saɓa wa tsarin mulki. Duk da haka, a 1962 da wani tsohon sojan sama baƙar fata mai suna James Meredith ya je shiga Jami'ar Mississippi, tarzoma ce ta ɓarke har mutum biyu suka mutu, sai da Shugaba Kennedy ya tura sojoji. Ɗalibi ɗaya ke nan fa.

A 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya yi jawabi a Jami'ar Howard, ɗaya daga cikin tsofaffin jami'o'in baƙaƙe, inda ya kawo misalin da ya zama tushen maganar gaba ɗaya. Ma'anar abin da ya faɗa ita ce, ba ka kwance mutumin da ya shekara da shekaru cikin mari, ka kai shi layin tsere, ka ce to ga fili ga mai doki, sannan ka ɗauka ka yi adalci. Wato dai akwai bashi a wuyan ƙasa, kuma buɗe ƙofa kaɗai bai biya shi ba. A kan wannan fahimta jami'o'i suka fara sassauta wa baƙaƙe da sauran tsiraru wajen ɗaukar ɗalibai.

Makarantar likitanci ta Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ta ware kujeru 16 cikin 100 ga tsiraru. Wani injiniya farar fata, Allan Bakke, ya nema a 1973 da 1974 aka ƙi shi, alhali makinsa ya fi na da yawa daga waɗanda aka ɗauka a kujerun nan. Ya kai ƙara, shari'a ta kai Kotun Ƙoli, aka yanke hukunci a 1978. Alƙalai tara ne, huɗu suka tsaya nan, huɗu suka tsaya can, Mai Shari'a Lewis Powell ya rage a tsakiya, don haka ra'ayinsa ya zama doka. Ya ce ware adadin kujeru haramun ne, a ɗauki Bakke (an kuwa ɗauke shi, ya zama likita). Amma jami'a tana iya duba launin fata a matsayin abu ɗaya cikin abubuwa da yawa.

A nan ne, a ganina, aka yi asarar da ba a lura da ita ba. Domin kuwa Powell ya ƙi karɓar hujjar bashi. Ya ce zaluncin da al'umma ta yi a dunƙule ba dalili ba ne da jami'a za ta dogara da shi ta tauye wani da bai aikata ba. Hujjar da ya yarda da ita ita ce, idan aji ya haɗa ɗalibai iri-iri, kowa yana ƙaruwa da ilimi. Ka ga ke nan an daina cewa jikan bawa yana bin ƙasa bashi, an koma cewa zamansa a aji yana da amfani ga sauran ɗalibai. Thurgood Marshall, baƙar fata na farko a kotun, ya rubuta nasa ra'ayin daban yana tunatar da abokan aikinsa tarihin bauta da wariya, amma ba nasa aka bi ba.

Da ɗalibai iri-iri suka cika harabar jami'a, sai rigima ta koma kan me za a karanta da me za a furta. A Stanford ɗalibai sun yi zanga-zanga a 1987 kan darasin dole da ya cika da littattafan Turawa, aka sauya shi a 1988. Jami'ar Michigan ta kafa dokar hana kalaman ƙasƙanci, kotu ta soke ta a 1989 saboda ta taɓa 'yancin magana. Masu adawa suka riƙa cewa an mayar da jami'a wurin da kowa ke tauna magana don tsoron kada a kira shi mai wariya, har Shugaba Bush babba ya yi suka a kan haka a 1991. Ni dai a nawa ganin hayaniyar ta fi abin yawa, amma ta yi tasiri, don ta sa jama'a da dama sun fara kallon tsarin duka da ido ɗaya.

Daga nan aka fara zaftare shi. A 1996 mutanen Kalifoniya suka kaɗa ƙuri'a suka haramta shi a jami'o'in jihar, kuma wanda ya jagoranci yaƙin, Ward Connerly, shi kansa baƙar fata ne. A 2003 Kotun Ƙoli ta soke tsarin Michigan na ba tsiraru ƙarin maki 20 cikin 150, amma ta bar hujjar Powell a tsaye, Mai Shari'a Sandra Day O'Connor tana cewa tana sa ran nan da shekara 25 ba za a buƙace shi ba.

Ga inda abin ya taɓo mu. A 2004 jaridar New York Times ta ruwaito manyan malaman Harvard biyu baƙaƙe, Henry Louis Gates da Lani Guinier, suna nuna damuwa cewa mafi yawan baƙaƙen ɗaliban jami'ar 'ya'yan baƙi ne daga Afirka da tsibiran Karebiyan, ko kuma ruwa biyu. Wato ɗan likita daga Najeriya, wanda kakansa bai taɓa ganin gonar auduga ta Mississippi ba, yana iya zama a kujerar da Johnson ya yi magana a kanta. Kuma ba wanda zai ce ya yi laifi, tunda kotu ta ce launi ake so a aji, shi ma ga launin. Tun da aka ajiye maganar bashi, babu sauran hanyar tambayar wa ake bi.

Ƙarar ƙarshe da sunan ɗalibai 'yan asalin Asiya aka shigar da ita, waɗanda suka ce Harvard tana danne su duk da makinsu. Ranar 29 ga Yuni 2023 kotu ta haramta duba launin fata a Harvard da Jami'ar North Carolina, hukuncin da ya hau kan sauran jami'o'i. Shekara 20 aka samu cikin 25 ɗin O'Connor. Fifikon da ake ba 'ya'yan tsofaffin ɗalibai kuwa, wanda masu kuɗi suka fi cin moriyarsa, wannan hukunci bai taɓa shi ba.

Namu tsarin ba na launi ba ne, na jiha ne. An kafa JAMB a 1978, shekarar shari'ar Bakke, kuma ƙa'idar jami'o'in tarayya ita ce kashi 45 ga cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'a, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Na gaya wa abokina cewa Ebonyi da Bayelsa ma suna cikin jerin, ya yi shiru. Amma ni ma akwai abin da ban gaya masa ba. Ɗan maƙwabcina a nan Sabo aka haife shi, a nan aka haifi ubansa, Yarbanci a bakinsa kamar ruwa, makarantar kuɗi ya yi a Ibadan. Da lokacin neman jami'a ya yi, Oyo ba ta san shi ɗanta ba, sai ya hau motar dare zuwa wata ƙaramar hukuma a arewa da bai taɓa takawa ba, ya kwana uku yana neman dagacin da zai shaida kakansa. Ya samu takardar, ya samu gurbi a kason jihar. Yaron ƙauyen kakan nasa, wanda ajinsu ba malamin lissafi, wanda dominsa aka ware kason, ko fom ɗin JAMB bai saya ba.