Faifai ɗaya, wani inji ya karɓa, wani ya ƙi

Da yawanku kuna tambaya: me ya sa za a tura maka manhaja ta Xender, ta buɗe a wayar mai turowa, taka kuwa ta ce atafau? To, wannan rigima ta girmi wayar hannu.

A watan Agusta na 1981 kamfanin IBM na Amurka ya fito da kwamfutarsa ta tebur. Uwar manhajar da ke tuƙa ta, DOS 1.0, Microsoft ne ya kawo, shi ma sayo ta ya yi a hannun wani ƙaramin kamfani. Zamanin nan manhaja haja ce kamar atamfa: a zuba ta a faifai, a sa a kwali, a kai kanti.

Matsalar, mudun bai tsaya wuri ɗaya ba. Faifan farko gefe guda ake rubuta masa, yana cin kilobait 160, ko hoto ɗaya na wayarka ba zai ɗauka ba. A 1982 DOS 1.1 ta kai shi 320, a Maris na 1983 DOS 2.0 ta kai 360. Sabuwa tana karanta tsohon faifai, tsohuwa kuwa ba ta san sabo ba. Ka sa kanka a matsayin mai sayarwa: in ka auna da sabon mudu, ka kori tsofaffin abokan ciniki. Shi ya sa da yawa suka ci gaba da awo da tsohon. A ganina sun fi masu ƙera injin sanin kasuwa.

Sai ga Lotus 1-2-3, manhajar lissafin kuɗi, a Janairun 1983. Don ta yi sauri, sai ta riƙa kewaye DOS tana magana da injin IBM kai tsaye. Ku da kuka san hanyar bayan gari ba sai na yi bayani ba. Duk injin da ƙirarsa ta saɓa da ta IBM, ko da DOS ce a cikinsa, ba ta tashi. Compaq ya kwaikwayi ƙirar sak, ya yi ciniki. Rainbow, injin kamfanin DEC, sai da aka yi masa tasa Lotus ɗin daban, a faifai irin nasa, kuma ba kowane kanti ke ajiye shi ba.