Waƙoƙin almajiran Turai na zamanin da

Yau za mu koma ƙasar Turai, wajen shekara 800 da suka wuce.

A zamanin nan babu injin buga littafi. Da hannu ake rubutu, bisa fata, littafi kuwa tsada gare shi. Mai son ilimi sai ya bar garinsu, ya bi malami inda yake. Samari suna tafiya a ƙasa zuwa Paris ta Faransa, ko Bolonya ta Italiya. Harshe ɗaya ake karatu da shi ko'ina, shi ne Latin. Don haka yaron Jamus yana iya zama gaban malamin Faransa, su fahimci juna.

Da yawansu matalauta ne. Wasu sun gama karatu, aiki bai samu ba. Sai yawo gari gari, suna tsara waƙa da Latin don su samu abinci da wurin kwana. Ana ce musu Goliyar. Suna waƙar bazara da soyayya, da giya da caca. Wani mai suna Hugo Primas, mutumin Orleyan, har waƙa ya yi kan wata riga da aka ba shi kyauta, wai ba ta tare sanyi. Kun ji roƙo da tsiwa!

Amma ba wasa kaɗai suke yi ba. Sun zagi manyan coci masu sayar da muƙami, da alƙalai masu cin hanci. Manyan kuwa ba su ji daɗi ba. A shekara ta 1227, taron limaman Kirista a birnin Tiriya ya hana a bar su su yi waƙa cikin ibada.

To, yaya muka san maganarsu? Wajen shekara ta 1230 wasu marubuta suka tattara waƙoƙi 254 cikin littafi guda. Yawancin mawaƙan ba a rubuta sunansu ba. Littafin ya daɗe a ajiye, sai a 1803 aka gano shi a wani gidan ibada na Bavariya, kudancin Jamus. Aka buga shi a 1847, da sunan Carmina Burana. Wani makaɗin Jamus, Carl Orff, ya zaɓi 24 daga ciki ya sa musu kiɗa, aka fara rera su a birnin Frankfurt a 1937.