Gidan Nehru da Gandhi a Finafinan Tarihi na Indiya

Gidan Nehru da Gandhi, wanda ya fitar da firaministoci uku a Indiya, wato Jawaharlal Nehru da 'yarsa Indira Gandhi da jikansa Rajiv Gandhi, ya daɗe yana jan hankalin masu shirya fim. Sai dai batun wakilci, wato wanda ake nunawa a labari da yadda ake nuna shi da kuma wanda ake tsallakewa, ya kasance a hannun hukuma tun kafin masu kallo su sa baki a cikinsa.

A 1975, shekarar da Indira ta kafa dokar ta-ɓaci, an dakatar da fim ɗin Aandhi na Gulzar saboda 'yar siyasar da Suchitra Sen ta fito a matsayinta ta yi kama da firaminista a shiga da tafiya, kuma ba a sake shi ba sai bayan faɗuwar gwamnatin a 1977. Kissa Kursi Ka, wanda Amrit Nahata ya shirya domin yi wa masu mulki ba'a, ya fi shan wahala, domin ƙona kwafinsa aka yi, har kotu ta samu Sanjay, ɗan Indira, da laifi a 1979, ko da yake an soke hukuncin daga baya.

Fim ɗin Gandhi na 1982, wanda Richard Attenborough ɗan Ingila ya shirya da tallafin kuɗin gwamnatin Indiya, ya ba Nehru matsayi na girmamawa ta bakin Roshan Seth, amma babu B. R. Ambedkar a cikinsa, alhali shi ne jagoran Dalit, al'ummar da tsarin gado na Hindu ya ajiye a ƙasan kowa, kuma shi ya shugabanci kwamitin rubuta kundin tsarin mulki. Wannan giɓi bai yi kama da mantuwa ba, tun da Ambedkar ya yi jayayya mai zafi da Mahatma Gandhi, wanda fim ɗin ke ba da tarihinsa, kan zaɓen Dalit, abin da zai dagula labarin haɗin kai da fim ɗin ya gina.

Mabiya addinin Sikh su ne suka fi tsayawa kan yadda ake siffanta su. Bayan masu gadin Indira biyu, 'yan Sikh, sun kashe ta a 1984, an hallaka dubban 'yan al'ummarsu a Delhi, kuma fim ɗin Amu na Shonali Bose, wanda ya fito a 2005 ya taɓo wannan kisa, sai da hukumar tace finafinai ta sa aka cire wasu kalamai daga cikinsa. Da mulki ya koma hannun jam'iyyar BJP a 2014, sukar gidan ta yi sauƙi, amma ƙorafin bai kau ba: an jinkirta fim ɗin Emergency, inda Kangana Ranaut, 'yar majalisa ta BJP, ta fito a matsayin Indira, bayan ƙungiyoyin Sikh sun ce an nuna su a matsayin masu tayar da zaune tsaye, kuma bai shiga sinima ba sai Janairun 2025.