Ƙaramin Jirgin Da Ke Bi Ta Gadar Carter

Yawancinmu mazauna Ikko kullum sai mun ƙetare gadar Carter daga Iddo zuwa Idumota neman abinci, amma kaɗan ne cikinmu suka san a da jirgin ƙasa na bi ta kanta. Ba wannan ta yanzu ba, ta farkon, wadda aka gama a 1901 aka sa mata sunan Gwamna Gilbert Carter.

Yadda abin ya kasance shi ne, da Turawa suka shimfiɗa dogo zuwa Badun suka buɗe shi a 1901, sai babbar tasha ta tsaya a Iddo, ga kasuwa da kwastan can cikin tsibiri. To, a 1902 sai suka kawo wani ɗan ƙaramin jirgi mai cin kwal, faɗin dogonsa ƙafa 2 da inci 6, alhali na babban ƙafa 3 da inci 6 ne. Ka ga ke nan taragon babba ba ya hawa layin ƙarami, tilas a sauke kaya a Iddo a sake lodi. Duk wanda ya taɓa biyan 'yan dako sau biyu kan kaya ɗaya ya san zafin wannan.

Daga Iddo layin kan haye gada, ya bi bakin ruwa ta Marina har Kokomaiko. Bai yi ƙarko ba. Ƙarshen 1913 aka daina ɗaukar fasinja, abin da ya rage sai kwasar bahaya da daddare, shi ma ya tsaya a 1933.

Dogo kuwa bai isa Kano ba sai 1911, a Jebba ma lokacin fito ake yi. Ashe kakanninmu fataken shanu da goro da suka zo ta jirgi shekara biyu kacal suka riske shi. Amma fa akwai Hausawa a Ikko tun kafin a dasa ƙarfen farko, sojojin Glover tun 1863 suke. Mu riƙa tuna wa yaranmu haka in an ce musu jiya suka zo.

An sake gadar a 1931, aka kuma sake ta a ƙarshen shekarun 1970. A 2025 muka ji gwamnatin tarayya na maganar rushe wannan ɗin ma. Kafin a kai ga haka, muna roƙon shugabannin ƙungiya su tura matasa wajen dattawanmu na Agege da Obalende, a rubuta abin da suka ji daga iyayensu game da tashar Iddo.