Tarihin Samun Makamashi Daga Kashin Shanu

A shekarar 1776 wani masani ɗan ƙasar Italiya, Alessandro Volta, ya lura cewa in an motsa taɓon da ke bakin tafkin Maggiore wata iska tana tasowa, kuma in an kusanta mata wuta sai ta kama. Wannan iska ita ce masana kimiyya ke kira misen. Asalinta kuwa waɗansu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, masu cin ruɓaɓɓen abu a wurin da iskar shaƙa ba ta shiga.

An yi shekara fiye da ɗari kafin a ci moriyar wannan sani. Wajen 1895 ne birnin Exeter na Ingila ya kunna fitilun titi da iskar da ke fita daga ruwan masai. Amma inda al'amarin ya yi saiwa sosai shi ne Indiya da Sin, watau ƙasashen da itacen girki ya yi wa talaka wuya.

A Indiya akan haƙa rami a gina shi da tubali, a dama kashin shanu da ruwa daidai wa daida a zuba, sa'an nan a kife masa gangar ƙarfe mai tashi sama in iska ta taru. Iskar a yi girki da ita, tukar da ta rage kuwa taki ce mai kyau. Bayan tsadar man fetur ta 1973 gwamnati ta ƙara himma, har ta kafa shiri na ƙasa baki ɗaya a 1981. Sai dai wanda ba shi da shanu uku ko huɗu ba zai iya ciyar da ramin ba. Abin takaici ma, matalautan da a da suke tsintar kashin kyauta don hura wuta sai suka tarar ya yi daraja, masu shanu sun riƙe abinsu. Kasafin masu tsara shirin bai hango wannan ba.

Mutanen Sin kuwa, musamman a lardin Sichuwan, sun yi nasu da rufin tubali mai kama da tulluwa, babu ƙarfe. Kafin ƙarshen shekarun 1970 an gina kimanin miliyan 7, amma da yake an yi aikin cikin gaggawa, da yawa suka tsage suna yoyon iska, manoma suka yi watsi da su cikin 'yan shekaru kaɗan.