Duwatsun garin Dutse

Duk wanda ya doshi Dutse, babban birnin jihar Jigawa tun 1991, abin da zai fara hangowa shi ne duwatsun da garin ya samo sunansa daga gare su.

Masana sun ƙiyasta cewa duwatsun sun kai kimanin shekaru miliyan 213. Narkakken dutse ne da ya taso daga ƙarƙashin ƙasa ya daskare, daga bisani ruwa da iska suka zaizaye abin da ya lulluɓe shi.

Danginsu ɗaya da duwatsun Damagaram da na Jos, koda yake na Jos ƙannensu ne.

Sai dai da an nufi Kafin Hausa, dutsen kan nutse ƙarƙashin yashi, jigayi su maye gurbinsa.

Tsohon garin, wato Garu, inda fadar sarki take, yana tsakanin duwatsun ne. Wanda ya daure ya hau da sassafe, kafin rana ta gasa dutsen, zai hango gonaki da itatuwan dabino.

Ana fasa wasu duwatsun domin samun tsakuwar gini. Ramukan da akan bari kan cika da ruwa da damina, abin da ke da haɗari ga yara masu wanka.