Tsibirin Gobir da Ƙafa

Wanda ya taso daga Maraɗi ya nufi Gidan Runji, kafin ya gyara zama a mota ya iso Tsibiri, kafin ya waiga kuma ya wuce ta. Shi ya sa nake cewa a sauka a bakin kwalta, a sallami ɗan kabu-kabu, a taka sayyada.

Mai neman tsofaffin gine-gine zai koma da ƙishi. Ambaliyar 1945 da ta cinye tsohuwar Maraɗi ba ta ƙyale Tsibiri ba, ita ta tayar da garin daga kwarin Gulbi zuwa tudu. Tsufan Tsibiri a fuskokin mutane yake. Tsaya wurin mai shayi ka dubi dattijon da ke kan benci: zane shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan, sun taso daga gefen baki sun bazu zuwa kunne. Jikansa da ke riƙe masa buta kuwa fuska sumul.

Wannan zanen daga nesa ya zo. A 1808 mayaƙan jihadi suka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, aka kashe Sarki Yunfa, Gobirawa suka watse. A 1836 suka haɗa kai da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya su a Gawakuke, Sarkin Gobir Ali ya kwanta dama a fagen. Bayan wannan ɗibar ce sabon sarki Mayaƙi ya tattara sauran jama'a ya kafa Tsibiri, dab da ƴan'uwansa na gudun hijira, Katsinawan Maraɗi. Ko a nan ma ba a zauna lafiya ba, don rikicin gida ya sa Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni, wadda yau take jihar Sakkwato.

Daga wurin mai shayi sai fada. A cire takalmi, a durƙusa, a ce "Ranka ya daɗe", dogarai su amsa. Tun 2010 gwamnatin Nijar ke kiran mai gidan Sultan, amma bakin talaka bai saba ba, Sarkin Gobir yake cewa. Tara ta Gobir, masu zaɓen sarki, suna nan. Haka ma Inna, mace daga gidan sarauta, uwar ƴan bori, wadda malamai ke harara amma ba a shafe sarautarta ba. In kai Bazabarme ne ko Bayarabe, shirya kunnenka, taubasanka ba za su raga maka ba ko a ƙofar fada.

Da la'asar sakaliya na gangara kwarin Gulbi. Na tarar da wani manomi yana ɗaure dami, na tambaye shi ina tsohon garin yake. Ya nuna ƙasa da lauje.

"Malam, ai a kansa kake tsaye."